Amsar da Ba Ta Cikin Kati

Daren Alhamis aka fito da talabijin tsakar gida,
aka ɗora shi kan turmin da aka kife.
Sau bakwai Tijjani ya ja igiyar janareta
kafin ya yi tari ya tashi.
Rabin Mai Wurno ta zo da tabarminta,
don Muntasir ɗinmu ne a cikin akwatin,
can Umdurman, ƙarƙashin fitilu,
sanye da jallabiyar da na goge masa da dutsen gawayi.

Dokar wasan ba wuya.
A saki kiɗa daƙiƙa biyar, a datse,
wanda ya riga danna ƙararrawa ya faɗi mai waƙar.
Malamin makaranta daga Kosti ya faɗi tun zagayen farko,
saura namu da wata yarinya 'yar Atbara
mai yatsa kamar saran kunama.

Gwaggo Batulu na kan angarib, ta ba akwatin baya,
idonta ya daɗe da yin yana.
Shekara talatin da ɗaya ta yi tana dafa shayi
a bakin tashar Wad Madani,
rediyo rataye a ƙusa bisa kanta,
har murfin batirinsa ya narke da zafin murhu.
Kafin ƙararrawa ta yi ƙara ta riga ta faɗi suna,
ta ƙara da shekara,
ta ƙara da wanda ya kaɗa udu, da matar da ya saka a bana ɗin.
Yara na cewa, Gwaggo, bari mu ji!
Ta ce, ku ji mana, na toshe muku kunne?

Bakwai da bakwai.
Mai gabatarwa ya gyara wuyan riga, ya ce ta ƙarshe.
Wani tsohon faifai ya shigo yana ƙarzar kansa
kamar tsintsiya kan siminti.
Muntasir ya ɗaga hannu, hannun ya tsaya a iska.
Na san wannan fuskar:
ita yake yi in an aike shi kanti ya manta saƙon.
'Yar Atbara ta danna, ta faɗi suna, aka tafa.
Mai gabatarwa ya duba katinsa ya karanta:
karin waƙar gadon jama'a ne, ba a san mai shi ba.

Igiyoyin angarib suka yi kuka.
Gwaggo ta tashi zaune.
Ta ce, katin nan maƙaryaci ne.
Ta Inna Kubura ce, uwata,
a gonar audugar Jazira ta yi ta,
shekarar da guzurin Makka ya ƙare musu a hanya
suka ce bari a yi kaka ɗaya a wuce.
Shi wancan, yaro ne mai zama gindin sikeli,
yana rubuta nauyin buhu, yana kasa kunne.
Ya sa mata Larabci kamar yadda ake sa wa 'yar wani zane.

Sai mai ya ƙare a janareta.
Duhu ya zauna, ba wanda ya nemi ashana.
Ta ɗauko ta daga inda aka datse, da Hausa,
murya na rawa kamar kofi a kan tire:
auduga fara, hanya ja,
gabas na nan, ƙafa ce ta yi nauyi.
Tsofaffi biyu a bayan zana suka amsa mata.
Ban taɓa sanin sun iya ba.

Ranar Asabar Muntasir ya sauka daga bas
da fanka a kwali, kyautar na biyu,
a garin da wuta ke zuwa kamar baƙon da ba ya sallama.
Ya durƙusa zai ba da haƙuri.
Ta miƙa masa cokali da kofin shayi,
ta ce, ga ƙararrawarka.
Zauna. Daƙiƙa biyar zan ba ka.