Kada a Taɓa

Ran Asabar ya rufe shagon ɗinki tun da hantsi,
abin da bai yi ba ko ranar sunan autarmu.
Ya ce, "Barira, ɗauko mayafi."
Na ce, "Wa ya rasu?"
Ya ce, "Ba kowa. Fita za mu yi, ni da ke."
Shekara ashirin da bakwai ina tuƙa masa tuwo,
ban taɓa jin wannan zance a bakin Ilu ba.

Daga Mokoyo babur ɗinsa yake ta tari,
na riƙe ƙarfen baya don kunyar riƙe mai shi.

A ƙofar gidan al'adu, dala arba'in-arba'in.
Ya biya bai nemi ragi ba.
Ɗaki mai sanyi, ga wani saurayi da siririyar sanda
yana koya mana abin da muka tashi a cikinsa:
galma, akushi, mazari da abawa,
sikelin gyaɗa na zamanin da buhuna ke tokare sama,
hoton tsohon gari can cikin kwari
kafin Gulbi ya yi fushi ya koro shi tudu.

Ilu ya daɗe gaban wata riga mai aska takwas,
hancinsa dab da gilashi, yana ƙirga zare da ido.
"Wannan hannu ne," in ji shi, "ba keke ba."
Ya dubi yatsunsa. Ya maida su aljihu.

Ni kuwa ƙwarya ce ta tsayar da ni,
fasasshiya, da ɗinkin gyartai goma sha ɗaya.
Irinta Inna ta bar mini.
Na yi ta ba kaji ruwa a ciki har ta ruɓe,
bara na sayo roba shuɗiya a madadinta.
Ga ƴar'uwarta kan farin ƙyalle kamar amarya,
da fitila a bisa kanta,
da ƴar takarda: Kada a taɓa.

Ilu ya ce, "Saura mu.
Wata rana za su jera mu bayan gilashi,
su rubuta: Miji da mata,
ba a san abin da suke ce wa juna ba."
Na yi dariya, sai dai ta tsaya mini a maƙoshi.

Muka ci tsire a tsaye, yaji ya sa shi hawaye.
Bayan lisha muka sami gefen dakalin siminti,
gaba yara, baya tsofaffi masu goro.
Wasan wani marowaci ne mai tumbin tsumma,
ya ɓoye kuɗin wake cikin matashin kai,
matarsa ta yi kyautar matashin ga baƙo.
Yana bin baƙon har tasha da takalmi ɗaya
sai kuran ya ɗauke.

Duhu. Wani ya yi tsaki, wata ta yi salati.
Sai muryar matar daga dandali, ba ta ko girgiza ba:
"Malam, lalubo a hankali, duhu ba ya maido kuɗi!"
Fili ya fashe.
Wayoyi suka tashi ɗaya bayan ɗaya
kamar an watsa gero mai haske,
aka ci gaba da wasa a hasken hannun jama'a.

Nan na ji wata dariya a gefena,
mai shaƙewa, mai bugun cinya,
wadda na yi zaton ta ruɓe tare da ƙwaryar Inna.
Cikin duhun nan hannu ya lalubo nawa,
kaushi, da tabon allura a ɗan ali.
Na jira ya janye.
Ni ba takarda a kaina.

Ban san ko marowacin ya sami kuɗinsa ba.

Da za mu koma, babur ya tashi bugu ɗaya.
Hanyar Mokoyo duk ramuka ce, kowa ya sani.
Na saki ƙarfen baya.