Ɓera Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Ƙarfe shida da rabi a Dundee, gari bai waye ba,
ruwa na ta yayyafi kamar mai jin nauyin sauka.
Na rataye rigar sanyi, na zura safar roba,
na gangara hawa biyu ƙarƙashin ƙasa,
inda fitila ce kawai ke kwaikwayon rana.

Ga su nan, farare sol, hanci na rawa,
kowa da lambarsa a kunne, ba wanda aka yanka wa rago.
Ni dai a ɓoye na raɗa wa na goma sha bakwai Ɗanjuma,
don ran Juma'a aka kawo shi.

Mako takwas ina ɗiga masa dalma a ruwan sha,
ɗigo bisa ma'auni, ba daɗi ba ragi.
Ya sha, ya goge gashin baki da hannu biyu.
Ruwan kuwa garau yake.
Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Yau na shimfiɗa jininsa a kan gilashi,
na leƙa ta madubin ƙara girma.
A jikin mai lafiya, fararen ƙwayoyin jini 'yan sintiri ne:
ɓarawo ya leƙo, su yi masa caa, su haɗiye shi da ransa.
Na Ɗanjuma sun yi zugum.
Na sako musu ƙwayar cuta har bakin ƙofa,
suka ratsa ta gefenta kamar ba su ga baƙo ba.
Waɗansu kuma sun harzuƙa ba gaira ba dalili,
suna cinna wuta a gidan da aka ba su gadi.

Dakta Moira ta dafa kafaɗata,
ta ce sakamako ya yi kyau.
Kyau.
Na tauna kalmar, na ji tsakuwa a cikin shinkafa.

Ba ta san Rakiya ba, 'yar yayata,
wadda ta yi rarrafe a tsakar gidan da ake dakan dutsen zinariya
a turmin da ake surfe,
ta ci ƙasa kamar kowane yaro.
Tarin da 'ya'yan wani gari ke yi kwana uku su miƙe,
ita yakan share damina a ƙirjinta.
Aka ce iska, aka ce baki.
Ni ga iskar nan a gabana, da nauyi, da awo, da lamba.

Gobe ce ranar Ɗanjuma ta ƙarshe, haka takarda ta ce,
da hannuna na sa hannu.
Kafin in kashe fitila na cire kwalbarsa,
na ɗauraye, na cika da ruwa zalla.
Ba ya cikin ƙa'ida, ba kuma zai gyara komai ba.
Ya matso ya sha,
bai ji bambanci ba.

A motar haya, kogin Tay na bin mu ta taga,
faɗi gare shi, shiru gare shi.
Na iso ɗaki, na tari ruwa a famfo,
na ɗaga kofin saitin fitila,
na daɗe ina kallo
kafin in ce bismillah.