Igiyar Arzika

A Kangiwa, bayan rumbunmu na gero,
akwai igiyar kaba rataye a ƙusa,
ƙulli bisa ƙulli, ta yi baƙi da maiƙon hannu.
Da ita kakana Arzika yake awon karnukansa,
daga dagi zuwa kan kafaɗa,
ranar da kowanne ya cika shekara.

Jininsu ɗaya, babu gauraye.
Wani Buzu ya kawo kakarsu daga arewa,
Kaka ya ba da akuya biyu da tabarma,
tun ran nan bai bar karen gari
ya shinshina ƙofar gidansa ba.

Biyun da na sani ciki ɗaya suka fito,
daren Laraba, cikin tokar murhu.
Kwana arba'in ba mai raba su da ido,
sai ga ɗaya ya fara cika ƙofa.
Turmi ke nan.
Kai kamar ƙwarya, wuya ya haɗe da kafaɗa,
in ya tsaya, ƙafafun gaba
sai ka zura taƙi guda tsakaninsu.
Sawunsa a rairayi ya cika tafin hannuna.

Ita kuwa Tsinke, tsawo ta ɗauka ta bar faɗi.
Baki siriri, kunne a lanƙwashe,
ƙirji ya zurfafa, ciki ya ɗage sama
har ka ce yunwa ce, alhali ta ƙoshi.
Ƙugunta, hannayen yaro biyu sun zagaye shi.
Yatsu uku ne tsakanin ƙullinta da nasa,
amma a nauyi ya ba ta tiya huɗu ta gero.

Kaka kan ce, "Wanga gini na, wagga saƙa ta.
Kak ka tambayi gini abin da saƙa ka yi."
Sannan ya je ya wanke hannu da ƙasa,
Inna Tamadi tana mita daga madafa
wai buta ta ƙare a kan karnuka.

Na ga farautarsu sau ɗaya, a fadama.
Zomo ya tashi daga gindin sabara,
ya karya hagu.
Turmi ya wuce da nauyinsa, ya kwashi ƙasa da haɓa,
kafin ya juyo, ta riga ta lanƙwashe kamar baka.
Da gyado ya fito da yamma kuwa,
baya ta ja tana haushi,
shi ya sa ƙirji, ya dawo da tsaga a cinya.

Wani mai shanu, Jaɓɓi, ya zo daga Kamba,
ya zagaya Turmi sau biyu, ya taɓa wuyan,
bai ko kalli inda take kwance ba.
Kaka ya karɓi kuɗin bai ƙirga ba.
Kwana uku ba ta ci tuwo ba.

Da ta haihu, bayanta ya lotsa,
nono ya sauka, ƙugun nan ya buɗe.
Na ɗauko igiya zan gwada,
ya riƙe mini hannu.
"Ba a awon mai shayarwa," in ji shi.

Bana shekara shida da rasuwarsa.
Jikokin Tsinke biyu sun isa awo,
na sauko da igiyar, ina bin ta da yatsa.
Ƙullin duk biyu-biyu suke tafiya,
na namiji a sama, na mace a ƙasa kaɗan,
ban da guda ɗaya can sama, shi kaɗai,
inda babu karen da kafaɗarsa za ta kai.

Na kai wa Inna Tamadi.
Ta shafa shi, ta daɗe tana dariya.
"Kai na," ta ce. "Ran da ka fara tsayuwa,
kana riƙe da bindin uwarsu."