Mai Koren Murfi

Ran da Baba ya miƙo min makullin tsohuwar a-kori-kurarsa
bai yi zancen taya ba, bai yi zancen birki ba.
Galan ya ɗaga, wani mai koren murfi,
ya ce, “Shi take sha tun gemuna yana baƙi.
Kada ka sauya mata.”
Wasiyyar ke nan gaba ɗaya.
Wata bai cika ba muka kai shi makwanci a bayan Marwa.

Shekara goma sha ɗaya ina ɗora mata albasa
daga lambunan Meskin zuwa Kuseri.
Mora, Waza, Dabanga,
ramuka kamar an tona rijiya an fasa,
rana mai sa ƙarfe ya yi kukan ƙishirwa.
Na wuce motoci sababbi ful, baki buɗe a gefen hanya,
direbobinsu sun raɓe ƙarƙashi suna laluben inuwa.

Kowane juye, rumfar Garga nake nufa,
can Domayo, inda ake hango rairayin Kaliyaw.
Shi ke buɗe murfin, shi ke zubawa,
ni nawa in miƙa jaka goma sha biyu, in zauna kan benci,
a ba ni shayi, a tambayi yara,
ciniki ya ƙare tun a wajen gaisuwa.

An kawo mai hoton damisa,
har da kyautar hula da riga.
An kawo mai ruwan zinariya, rabin kuɗi.
Sali makanike ya share hannu da tsumma,
ya ce, “Baƙin mai baƙin mai ne, Ɗanjuma,
sabo turken wawa.”
Na ce na ji.
A bar ni a turkena, igiyar ba ta shaƙe ni ba,
kuma ban taɓa kwana a daji ba don injin ya ƙi tasowa.

Bara ciwon ƙafa ya kayar da Garga.
Na je dubiya da kankana biyu.
Ya kori jikoki, ya ce in matso.
“Mai koren murfi,” in ji shi, “sun daina kawo shi
yau shekara bakwai.
Galan-galan na tara, in wanke, in kife su bushe.
Duro nake saye, sai na murza tsakanin yatsu,
na shinshina, na ɗiga a takarda na duba,
wanda ya ci jarrabawa shi nake ɗura maka.
Kwabo ban ƙara ba, gurɓatacce ban zuba ba.
Na ji nauyin in ce maka maganar Tanko ta ƙare a kasuwa.”

Ban ce uffan ba.
Na fito, na ɗaga murfin mota, na zaro sandar awo.
Ga shi nan, ja-ja kamar zumar Ngaundare,
ya tsaya daidai kan zane.
Shekara bakwai ina rantsuwa da murfi,
ina musu a tasha har jijiyar wuya ta tashi,
ashe yatsun wani tsoho nake yabawa.

Na yi fushi kwana uku. Na huɗu na rasa da wa.

Yanzu ’yarsa Dudu ke zama a rumfar,
ita ma tana murzawa, tana shinshinawa,
ta kan mayar da duro sukutum in bai yi mata ba.
Galan ɗaya na roƙa cikin tsofaffin,
yana nan bayan kujera, koren ya fara koɗewa.
In lokacin juye ya yi, in miƙa mata shi wayam,
ba na tambayar suna.
Na kan ce, “Cika min irin wanda Baba ke cikawa.”