Ƙaura a Kan Ƙyaure

Tsohon ƙyauren shagona na kwantar
bisa jarkoki huɗu,
na ce da shi: daga yau kai ne ƙasar Zamfara.
Bai musa ba.

Taƙi ɗaya, zango guda, haka na yanke awo.
Wayar laima na miƙe ta zama dogo,
tsinken ashana ɗari uku da sittin da bakwai
na jera a ƙarƙashinta,
kowanne da ɗigon ƙaro.
Wanda ya karkace na ɓamɓare, ko ya bushe.
Shekara talatin da ɗaya a reluwe
ba su bar mini idon da ke yafe karkata ba.

Tashar kwali ce, rufinta gwangwanin madara
da na danna da ƙusa, layi bayan layi,
har ya yi tudu da kwari irin na kwano.
Na jiƙa shi kwana uku a ruwan gishiri
don ya yi tsatsa.
Labbo jikana ya ce, "Kaka, sabo ya fi kyau."
Na ce, "Ni ban san ta sabuwa ba."

Gadar Gagare ta ci mini wata guda.
Sau biyu tana durƙusawa kamar raƙumin da aka yi wa lodi,
sai da na gicciya mata karan dawa.

Amma sigina ce ta hana ni barci.
Hannunta ya ƙi sauka,
in ya sauka ya ƙi tashi.
Na gwada zare, na gwada danƙo.
Sai da asuba, buta a hannu,
na tuna 'yar murɗaɗɗiyar wayar cikin biro.
Ƙyas, ya sauka.
Ƙyas, ya tashi.
Na yi dariya ni kaɗai har akuya ta waiwayo.

Kan jirgi, zuciyarsa ta rediyo mai kaset ce,
batir biyu, tarago uku na gwangwanin kifi.
Kowace ƙwayar gero buhun gyaɗa ce,
da bakin tsinke muka yi dakonsu.

Ran gwaji ya taso daga Gusau, wato wajen pata,
yana ƙugi kamar zanzaro a tulu,
ya haye gada, gada ta daure,
ya shigo Ƙaura,
inda dogo ke ƙarewa tun ina ɗan yaro.
Na ɗaga jan ƙyalle.
Bai ko dube ni ba.
Ya bangaje katakon ƙarshe, ya faɗa ƙasa,
kaji suka sayi gyaɗar shekara kyauta.

Labbo bai yi dariya ba.
Ya ɗauke shi, ya hure masa ƙasa, ya ce,
"Ba laifinai ba ne, wuri ne ya yi mai kaɗan."
Sai ya ƙura wa ƙofar madafi ido.

Jiya Inno ta kwana tana mita,
tabarma ce rataye inda ƙyaurenta yake.
Mu kuwa gobe, in Allah ya kai mu,
za mu auna hanyar Shinkafi.