Kore da Safe, Shunayya da Yamma

A gangaren Valparaíso, bayan tashar jiragen ruwa,
inda gishirin teku ke cin ƙarfe ba ya ƙoshi,
nan garejin tsoho Froilán yake.
Ni ne yaronsa. Ni ke wanke injin feshi,
ni ke kankare tsatsa har yatsuna su yi kanta.

Ran Talata da hantsi wata mota ta gangaro
sannu-sannu, kamar mai tafiya a kan ƙwai.
Ondina Quezada ce, cikin baƙaƙen kaya,
wata biyu da binne mijinta.
Da furfura ta koyi tuƙi,
ginshiƙin ƙofar gida kuwa ya ba ta shaida:
doguwar ƙarzuwa, daga madubi har fitilar baya.

Maigida ya ce, "Wane launi zan haɗa?"
Ta ce, "Shunayya mana,"
ta waiwaya za ta nuna,
sai yatsan ya tsaya a iska.
Ga mota a rana, kore shar,
kamar ganyen da ya sha ruwan dare.

Ta zauna a kan tsohuwar taya.
Ta ce, "Shekara goma sha tara
muna wannan musu da Heriberto.
Ya ce kore, in ce shunayya.
Mun yi a kan abinci, mun yi a gaban baƙi,
har kuɗin likitan ido na taɓa ajiye masa
a ƙarƙashin kofin shayinsa."

Froilán ya lakato fenti a bakin wuƙa,
ya karkata shi nan, ya karkata shi can,
abin ya yi ta juyi kamar wuyan tantabara.
Ya ce, "Akwai ɓarɓashi a ciki,
ya fi ɓawon albasa sirantaka, hawa kan hawa.
Haske in ya shigo ta gabas, da riga ɗaya yake fita,
in ya sauko daga fitilar titi, sai ya sake wata.
Fenti bai yi wa kowa ƙarya ba.
Ƙarfe nawa mutumin ke fita?"

"Shida da rabi. Ina barci."

"Ke fa, yaushe kike ganinta?"

"Da almuru, ta tagar bene,
in ya hauro tudu, fitilun unguwa sun kama."

"To, ai shi ma da almuru yana wurin,"
ni ne na yi katsalandan.
Maigida ya harare ni.
Ita kuwa ta daɗe tana duban tafin hannunta,
sannan ta ce, "In ya fito ya rufe ƙofa,
ba ya waiwayar mota.
Sama yake kallo."

Injin iska ya yi tsaki ya mutu.
Can ƙasa wani jirgi ya yi kuka.

Kwana uku muka yi a kan ƙofar nan.
Baƙi a ƙasa, mai walƙiya a bisa, mai sheƙi a rufe.
Mu tura ta rana, mu dawo da ita inuwa,
mu jira hazon teku ya janye mu sake dubawa,
don wanda ya dace da tsakar rana
yakan tona asirinmu da magariba.
Na leƙa takardar motar, wurin da aka ce launi:
wani ma'aikaci ya rubuta toka-toka,
ya buga hatimi ya tafi cin abinci.

Ran Asabar ba ta jira mun buɗe ba.
Shida da rabi na same ta a bakin ƙyaure,
da makulli a hannu,
tsaye daidai inda mai shiga mota ke tsayawa.
Rana ta leƙo ta bayan tuddai.
Ta shafa ƙofar, babu ko tabo.

Ta ce, "Kore ne, Heriberto. Na gani."
Ta gyara mayafi, ta shiga, ta sauke gilashi:
"Amma bari yamma ta yi."