Layi Na Sha Bakwai

Ni ce Tabawa, ungozomar Gidan Ilu,
shekara talatin ina yankan cibi a ƙasar Miga.
Rabin masu iyalin garin nan
ni na fara jin kukansu.
Har Tanimu, kansilanmu na yanzu,
a tafin hannuna ya sauka wata Laraba da asuba.

Tsakaninmu da asibiti akwai wani kwari.
Da rani ɗan akuya ma tsallake shi yake.
In damina ta nutsa sai ya tashi da fushi,
mai babur ya juya, shanun amalanke su turje.
A bakinsa Hansatu ta durƙusa bara,
tocila a bakina, reza a hannuna,
ruwa na dukan bayana kamar yana bi na bashi.
Uwa ta tashi.
Ɗan kuwa wanka ɗaya muka yi masa.

Bayan an kai amfani gida mai shela ya zaga:
majalisar ƙaramar hukuma za ta zauna kan kasafi,
ƙofa a buɗe, mai magana ya zo.
Mazan dandali suka ce, "Wahalar banza,
an gama rabo tun kafin a shimfiɗa tabarma."
Na ce, "Wanda bai je wurin fiɗa ba
kada ya yi kukan an ba shi ƙashi."

Zabuwata na sayar na yi kuɗin mota.
Na riƙo Sabi'u jikana, shi ne idona a boko.
Zaure cike da huluna, mata mu uku kacal.
Akawu ya yi ta karantowa:
fenti, kujeru, ƙofar gari mai rubutun maraba.
Na kasa kunne har ya naɗe takarda.
Ban ji kwarinmu ba.

Na ɗaga hannu har kafaɗa ta yi tsami.
Da aka miƙo mini lasifika ta yi ƙara, aka kwashe da dariya.
Na bari suka gama.
Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙofar maraba abu ne mai kyau,
amma wa za ta tara
in masu zuwa duniya a bakin kwari suke juyawa?"
Sai fanka kaɗai ke magana.
Na lissafa su, huɗu a damina ɗaya, uku a wadda ta gabace ta,
kowanne da sunan uwarsa.

Tanimu ya daɗe yana kallon takalminsa
kafin ya miƙe ya ce ya goyi baya.
Wani kansila ya ce su rijiyarsu ce ta rufta,
ƙishirwa ma kisa take.
Gaskiyarsa, ban musa ba.
Aka ja, aka sassauta, aka ƙirga hannuwa.
Ƙofar maraba ta sha ƙasa,
rijiya da kwari suka raba gadonta.

Aka shafa fatiha, ni ban tashi ba.
"Inna, saura me?"
"Takarda. Maganar baki raɓa ce, hantsi ke shanye ta."
Sabi'u ya bi da yatsa har ya tsaya:
layi na sha bakwai, kwalbati, Gidan Ilu.
Na ƙunshe ta a leda, wuri ɗaya da reza da zare.

Yau wata biyar.
An juye yashi tifa biyu, yara na wasa a kai,
siminti ko ƙurarsa ba mu gani ba.
Duk ranar kasuwa sai na leƙa sakatariya,
akawu na hango ni ya ce, "Sha Bakwai ta iso."
Sunan ya biyo ni har gida, ban hana ba.

Zaman jibi mu tara za mu je,
mun yi karo-karo mun kama mota.
Hansatu ce za ta yi magana, ba ni ba.
Cikinta wata shida,
gabas kuma ta fara haɗa rai.